Daga Bakin Murhu Zuwa Zauren Waya: Dalilin da Ya Sa Hira Take Bukatar Ƙa'ida

A wani dare na tsananin sanyi, wani dattijo da muke zauren WhatsApp ɗaya da shi ya rubuto ɗan gajeren labarin yadda suke jin ɗumi a bakin murhun itace lokacin da yake yaro. Ya ambaci yadda mahaifiyarsa take binne garwashi a cikin toka kafin a kwanta domin a tarar da wuta da asuba, da yadda shi da ƙannensa suke rige-rigen kama gefen da hayaƙi ba ya bi. Da gani ka san rubutu ne na mutumin da ya zauna ya harhaɗa kalmominsa da kansa, kuma yana sauraron wani ya ce masa shi ma ya tuna da irin wannan zama.

Kafin kowa ya tanka masa, sai ga wani dogon saƙo an turo daga wani zauren, yana gargaɗi a kan wata cuta ba tare da sunan likita ko na asibiti ba. Bayansa sai tallar kaya, sai bidiyon siyasa, sai mutum biyu suka kaure da musu a kan bidiyon har ta kai su ga zagin iyaye. Da mai kula da zauren ya goge zagin, ya kuma roƙi jama'a su dawo kan hanya, sai aka yi masa ca, wai ya mayar da kansa sarki. Dattijon bai sake cewa uffan ba a wannan dare.

Abin ya tsaya mini a rai, kuma shi ne ya sa na ga ya dace in bayyana matsayina a fili. Ina ganin duk zauren hirar da ya tara mutane masu yawa yana bukatar ƙa'idojin da aka yarda da su, yana kuma bukatar mutumin da jama'a suka ba ikon tsayar da su, kuma wajibi ne sauran mutane su mara masa baya idan ya yi aikinsa. Hujjata ita ce, hirar da muke begenta ta bakin murhu ma tana da iyakoki masu tsauri, sai dai ba a rubuta su ba saboda wutar ce da kanta take tilasta su. Waya ta ɗauke waɗannan iyakoki gaba ɗaya, don haka idan ba mu kafa wasu da hannunmu ba, masu ƙarfin murya ne kaɗai za su rage a zauren.

Abin da murhu yake tilasta wa masu zama

Duk wanda ya taɓa jin ɗumi a bakin wutar itace ya san cewa zafinta ba ya nisa. Gabanka ya yi zafi har fatar ƙwaurinka ta fara raɗaɗi, bayanka kuwa yana nan da sanyinsa, sai ka riƙa juyawa lokaci zuwa lokaci. Wannan ƙarancin zafi shi ne yake tsara zaman. Dole a yi da'ira, dole da'irar ta zama ƙarama, kuma idan wani ya shigo yana rawar ɗari, sai kowa ya ɗan muskuta a samar masa wuri, domin babu yadda za a yi mutum ɗaya ya baje ƙafafunsa ya tare wuta alhali ana kallonsa.

A irin wannan da'ira kowa yana ganin fuskar kowa. Idan ka faɗi maganar da ta sosa ran wani, kafin ka rufe baki ka ga yadda ya sunkuyar da kai ko ya kawar da ido, sai ka sassauta ko ka juya zancen. Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma a bakin wuta fuskar tana nan a gabanka, haske yana dukanta. Haka nan kunne ba ya iya ɗaukar murya biyu a lokaci guda, don haka idan mai ba da labari ya fara, sauran sai su saurara har ya kai aya, wanda kuma ya katse shi ba gaira ba dalili zai ji an ce masa ya bari a gama tukuna.

Sannan akwai mai kula da wutar. A kowane irin zama za ka tarar da mutum guda wanda idonsa yana kan murhu ko da bakinsa yana cikin hira. Shi ne yake tura guntun itace idan bakinsa ya cinye, shi yake sanin lokacin da za a ƙara faskare da lokacin da za a bari ta lafa, shi yake janye ɗanyen itacen da wani yaro ya jefa yana ta tsiyayar ruwa yana turnuƙe wurin da hayaƙi. Wannan ba son iko ba ne, sani ne. Itacen da aka saro yanzu kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma sai ya bushe har ruwan jikinsa ya sauka zuwa kashi 20 cikin 100 ko ƙasa da haka kafin ya ci da kyau. Idan aka sa shi ɗanye, zafin wutar yana ƙarewa ne wajen ƙafar da ruwan, sai hayaƙi ya yi yawa, ɗumi ya yi kaɗan, kuma a murhun da yake da bututun hayaƙi sai baƙar kunkunniya mai danƙo ta taru a ciki, wadda idan ta yi kauri takan kama da wuta. Ban taɓa jin wanda ya kira mai janye ɗanyen itace azzalumi ba, domin kowa idonsa yana yaji, kowa ya san amfanin abin da ya yi.

Iyaka ta ƙarshe ita ce itace yana ƙarewa. Wani ne ya saro shi, ya ɗauko, ya faskara, ya jera ya bushe, don haka ba a ɓarnatar da shi. Idan harshen wuta ya kwanta, garwashi ya fara yin fari da toka, kowa ya san hira ta zo ƙarshe, ko da musu ake yi dole a ajiye shi sai gobe, kuma sau da yawa kafin goben zuciya ta huce.

Wannan ba abin da ya keɓanta da wata al'umma ɗaya ba ne. Wata masaniyar halayyar al'ummomi mai suna Polly Wiessner ta kwatanta hirar rana da hirar dare a tsakanin mutanen Ju/'hoansi na yankin Kalahari, a Botsuwana da Namibiya, ta kuma wallafa sakamakon a 2014. Ta gano cewa da rana kusan kashi ɗaya cikin uku na maganganunsu ƙorafi ne da suka da saɓani, wani kaso mai kama da wannan kuma na harkar neman abinci ne, labarai kuwa ba su wuce kashi 6 cikin 100 ba. Da dare ya yi aka kewaye wuta, sai labarai suka kai kashi 81 cikin 100. Mutanen ba su canza ba tsakanin rana da dare, yanayin zaman ne ya canza, shi ne kuma ya canza irin maganar da take fitowa daga bakinsu. Wannan shi ne ginshiƙin abin da nake faɗa: tsarin wuri yana da tasiri a kan halin masu magana fiye da yadda muke zato.

Abin da waya ta ɗauke

Yanzu a dubi zauren waya. An ƙirƙiro WhatsApp a 2009, kuma an daɗe zaurensa ba ya ɗaukar fiye da mutum 256, sai a 2022 aka ɗaga adadin zuwa 512, sannan zuwa 1,024. Babu wata wutar itace da mutum dubu za su kewaye. Masanin nan ɗan Birtaniya, Robin Dunbar, ya yi hasashen cewa mutanen da ɗan Adam yake iya riƙe dangantaka mai ɗorewa da su ba su wuce kimanin 150 ba. Ko da wani ya yi jayayya da adadin, kowa ya san daga rayuwarsa cewa akwai iyakar mutanen da zai iya sanin halinsu, da abin da yake ɓata musu rai, da rashin da aka yi musu kwanan nan wanda bai kamata a yi wasa kusa da shi ba.

A zauren waya babu fuska kuma babu sautin murya. Maganar da za ka faɗa da murmushi a gane wasa ce, idan ka rubuta ta sai ta isa ga mai karatu a bushe, shi kuma ya ɗora mata sautin da yake cikin ransa a wannan lokaci. Idan ya tashi da ɓacin rai, da ɓacin rai zai karanta ta. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, John Suler, ya yi bayani a 2004 kan yadda rashin ganin juna da rashin samun amsa nan take suke sa mutum ya saki baki a intanet ya faɗi abin da ba zai iya faɗa ido da ido ba. Mun sha ganin haka: mutum mai kunya da ladabi, wanda idan ya haɗu da kai a hanya har rusunawa yake yi, amma a zaure shi ne yake fara jifan na gaba da shi da baƙar magana.

Haka kuma babu abin da yake ƙarewa. Tura saƙo bai fi danna yatsa ba, kuma wahalarsa ba a kan mai turawa take ba, a kan masu karɓa take: datarsu ce take tafiya, wayarsu ce take cika, barcinsu ne yake yankewa. Musun da aka fara da hantsi yana iya kaiwa tsakar dare, wanda ya farka da asuba kuma ya tarar da shi a rubuce, ya ɗora daga inda aka tsaya. An ce magana zarar bunu ce, amma a da idan ta fita iska takan tafi da rabinta, yanzu kuwa tana nan daram, ana iya komawa a karanta ta bayan wata guda a sake jin zafinta sabo.

Ba yau aka fara gane wannan matsala ba. Tun a watan Oktoba na 1995 masu tsara harkar intanet suka fitar da wata takarda ta ladubban mu'amala, wadda Sally Hambridge ta rubuta, kuma daga cikin shawarwarinta akwai cewa mutum ya taƙaita, ya san da wa yake magana, kada kuma ya mayar da martani yana cikin fushi. Lokacin masu amfani da intanet ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da yau, amma sun riga sun fahimci cewa sabon wurin zama yana bukatar sabuwar tarbiyya.

"Kana ƙawata zamanin da ya wuce"

Na san akwai masu cewa irina muna tuna daɗin murhu ne mu manta da wahalarsa. Suna da gaskiya a nan, kuma ba zan rage mata komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga ƙona itace da gawayi da makamantansu take, ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 237,000. Har yanzu sama da mutum biliyan 2 ne suke girki da irin wannan makamashi, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙar hayaƙin domin su ne suka fi daɗewa kusa da murhu. Ga kuma haɗarin shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga, domin yana fitar da wata iskar guba da ba ta da launi ba ta da wari, wadda take kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, mutum ya kwanta barci bai farka ba. Duk wanda yake jin ɗumi da itace ko gawayi a yau, ina roƙonsa ya bar wa iska hanya, kada kuma ya kwana da wuta a rufaffen ɗaki.

Akwai kuma wata gaskiyar da ta fi wannan ɗaci. Da'irar bakin wuta ba kullum take da adalci ba. Sau da yawa babba ne yake magana, yaro ya yi shiru ko da shi ne da gaskiya, kuma wadda ta sha wahalar hura wutar ba lallai ne a saurari ra'ayinta ba. Zauren waya ya ba irin waɗannan mutane baki, kuma wannan alheri ne da ba na fatan a rasa.

To amma ba komawa bakin murhu nake kira a yi ba. Mutane ba su daina ɗumama ɗakunansu ba don hayaƙi yana cutarwa, gyara murhun suka yi. Tun a shekarun 1740 wani masanin kimiyya a Amurka mai suna Benjamin Franklin ya tsara wani murhun ƙarfe da nufin samun ɗumi mai yawa da itace kaɗan, ya kuma ƙi karɓar haƙƙin mallakar ƙirar domin kowa ya amfana, na bayansa kuma suka ci gaba da inganta ta. A Ingila, tun daga 2021 aka taƙaita sayar da ɗanyen itace kaɗan-kaɗan ga masu ƙonawa a gida. Abin da nake nema a yi wa hira ke nan, a riƙe abin da yake da amfani a tsohon zama, wato sauraro da kunyar juna da sanin lokacin tashi, a bar danniyar da take cikinsa. Kuma a lura, zauren da ba shi da ƙa'ida ba ya kare mai rauni. Matashiyar da aka yi wa dariya sau ɗaya a gaban mutum ɗari biyu ba za ta sake magana ba, ta koma shirun da aka ce waya ta fitar da ita daga ciki.

"Kowa yana da 'yancin faɗin albarkacin bakinsa"

Wannan ita ce hujjar da aka fi ɗagawa, ita ce kuma aka jefi mai kula da zaurenmu da ita. 'Yancin magana abu ne mai daraja, amma ma'anarsa ita ce kada hukuma ta kama ka saboda ra'ayinka. Bai ɗora wa maƙwabtanka ko tsofaffin abokan karatunka nauyin su karɓi duk abin da ka ga dama a wayoyinsu ba dare ba rana. Wanda aka goge wa saƙo a zaure guda yana da shafinsa, yana da sauran zauruka, yana iya buɗe nasa a cikin minti ɗaya. Wanda aka zaga a gaban jama'a kuwa ba shi da inda zai je ya karɓo mutuncinsa.

Sai dai ba zan ce masu kula da zaure ba sa kuskure ba. Akwai wanda yake goge maganar da ta saɓa wa ra'ayinsa ya bar zagin da abokinsa ya yi, akwai mai cire mutum ba gargaɗi ba bayani, akwai mai rufe zaure ya bar kansa kaɗai yana magana kwana da kwanaki. Irin wannan ya cancanci a yi masa magana, kuma maganin abin shi ne ƙa'idar ta zama a rubuce, an tattauna ta, kowa ya gani tun ranar da ya shigo, sannan masu kula su fi mutum ɗaya domin su riƙa taka wa juna burki. Idan ƙa'ida tana rubuce, mai kula ma yana ƙarƙashinta, ana iya nuna masa layin da ya tsallake. Inda babu ƙa'ida ne son rai yake mulki, ko nasa ko na wanda ya fi kowa baki.

Ina kuma ganin hanyar gyara tana da muhimmanci kamar gyaran kansa. Idan mutum ya yi kuskure karo na farko, a bi shi ta gefe a yi masa magana shi kaɗai, domin wanda aka tsawata wa a bainar jama'a yakan kare kansa ne ko da ya san bai kyauta ba. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, saɓani ba zai ƙare ba, kuma ba shi ake son kashewa ba. Ana iya yin musu mai zafi a kan siyasa ko tarbiyyar yara ko kuɗin gyaran hanya ba tare da an taɓa iyayen kowa ba, kuma zauren da ake irin wannan musu ya fi wanda kowa ya yi tsit lafiya.

Wani zai iya tambaya ko labarin dattijon nan shi ma ba fita daga manufar zaure ba ne, tun da ba don tuna baya aka buɗe shi ba. A ganina akwai bambanci babba tsakanin maganar da mutum ya ciro daga rayuwarsa ya miƙa wa waɗanda suka san shi, da saƙon da ya tsinta a hanya ya watso ba tare da ya karanta shi har ƙarshe ba. Ta farko tana ƙara sanin juna, kuma sanin juna shi ne yake sa gobe idan an saɓa a ji nauyin juna. Ƙa'idar da za ta hana mutane ba da labarin ƙuruciyarsu, ko yi wa juna barka da jaje, ta wuce gona da iri, kuma zauren da ya koma allon sanarwa kawai ba ya daɗewa mutane suke daina buɗe shi.

"Ai da kyakkyawar niyya na tura"

Na yarda cewa yawancin masu tura gargaɗi ba mugaye ba ne, tsoro ne da ƙauna suke sa su, suna ganin gara su tura ko da ƙarya ne a kan su yi shiru ya zama gaskiya. Amma kyakkyawar niyya ba ta hana ɓarna. A Indiya, a 2017 da 2018, jita-jitar masu satar yara da ta riƙa yawo a WhatsApp ta sa gungun mutane sun kashe bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba, wasunsu baƙi ne kawai masu wucewa. Wannan ne ya sa a watan Yuli na 2018 kamfanin ya taƙaita tura saƙo a ƙasar zuwa wurare 5 a lokaci guda, ya faɗaɗa dokar zuwa duniya baki ɗaya a watan Janairu na 2019, sannan a watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, ya mayar da saƙon da aka riga aka yi ta turawa zuwa wuri ɗaya tak a kowane karo. Idan kamfanin da yake cin riba da yawan saƙonni ya ga dole ya sa wa turawa linzami, ban ga dalilin da zai sa a zargi mai kula da zaure don ya nemi a tantance kafin a turo ba.

Wani bincike da masana a jami'ar MIT ta Amurka suka wallafa a 2018, bayan sun bi diddigin labaran da suka yaɗu a Twitter tsawon shekaru, ya nuna cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu sake yaɗa shi da kashi 70 cikin 100, kuma gaskiya tana ɗaukar kusan ninki shida na lokacin da ƙarya take ɗauka kafin ta isa ga mutum 1,500. Dalilin a bayyane yake, ƙarya an ƙera ta ne domin ta girgiza zuciya, gaskiya kuwa sau da yawa ba ta da armashi. Saboda haka duk saƙon da ya sa gabanka ya faɗi, ya kuma ƙare da umarnin ka tura wa kowa yanzu-yanzu, shi ne ya fi cancantar ka dakata a kansa, ka nemi wanda ya faɗa, da ranar da aka faɗa, da inda abin ya faru.

"Wanda bai so ya kashe ƙara ko ya fita"

Wannan shawara tana da sauƙin faɗa, amma a duba su wane ne suke bin ta. Masu haƙuri ne, da masu yawan aiki, da dattawan da ba za su tsaya cacar baki da sa'o'in 'ya'yansu ba, wato mutanen da zauren ya fi bukatar hankalinsu. Kuma ba kowane zaure ake iya fita ba. Zauren iyayen yara na makaranta, ko na wurin aiki, ko na dangi, a nan ake sanar da canjin lokacin jarrabawa da rashin lafiya da rasuwa, wanda ya kashe ƙara saboda tarkace wata rana sanarwar da ta shafe shi za ta wuce shi a tsakiyar saƙonni ɗari uku. Bai dace a ce mai ladabi ne zai biya kuɗin rashin ladabin wani ba.

A nan ne batun lokaci da tsawon saƙo yake shigowa. Saƙon murya na minti goma yana da sauƙi ga mai yi, amma mai sauraro ba ya iya leƙa shi ya san abin da yake ciki, dole ya nemi wurin da babu hayaniya ya saurara daga farko har ƙarshe. Ga wanda rubutu yake yi wa wuya, saƙon murya rahama ne, kuma babu mai hana shi, sai dai ya faɗi abin da ya kawo shi tun a farko. Abin da ba na gaggawa ba kuma yana iya jiran gari ya waye.

Akwai abu guda da nake ganin ya fi duk waɗannan nauyi, kuma ba kasafai ake sa shi a cikin ƙa'idoji ba, wato ɗaukar hoton maganar mutum a kai ta wani wuri. Mutum yana faɗin damuwarsa a cikin waɗanda ya amince da su, ko ya yi tuntuɓen harshe ya dawo ya ba da haƙuri, sai wani ya yanko layi biyu ya watsa a inda ba a san shi ba, ba a ga abin da ya gabata ba, ba a kuma ga haƙurin da ya bayar ba. An raba mutane da aikinsu ta wannan hanya, an raba aure, an haɗa 'yan'uwa gaba. Zama amana ne, kuma da zarar mutane sun gane cewa a cikinsu akwai mai kwasar magana, kowa zai riƙa auna kalmominsa kamar yana gaban alƙali. Idan abin da aka faɗa laifi ne da zai cutar da wani, kamar barazana ko damfara, to a kai shi inda ya dace a kai. Abin da bai kai haka ba, wanda yake son fitar da shi ya fara neman izinin mai maganar, idan kuma ya ƙi nema aka kama shi, ina goyon bayan a cire shi daga zauren ko da shi ne ya fi kowa daɗewa a ciki.